Tambayar da Madam Rifkatu Ta Yi Mini a Kakuri

Ni haifaffen zangon Kumasi ne, unguwar Hausawa a ƙasar Gana. Kakana ya je can fataucin goro daga ƙasar Hausa, ya yi aure, bai sake waiwayar gida ba. Mun tashi da Hausa a bakinmu, muna kiran kanmu Hausawa, in an ambaci Nijeriya kuwa sai mu ce "gida", alhali babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa taka ta. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, zama ya yi wuya a Gana. Sabulun wanka ma sai kana da hanya. Samari suka dinga kwarara gabas. Wanda ka yi hira da shi yau, gobe a ce maka ya wuce. Ni ma na bi sahu. Abin da na riƙo bai wuce takardar gama makarantar midil ba, da ɗan iya buga tafireta, da sunan wani ɗan'uwan mahaifina a Kaduna. Mahaifin nawa ya rasu tun ina ƙarami. Mahaifiyata, da muke kira Mma, ita na baro da ƙannena mata biyu da kaskon ƙosanta a bakin titi.

Awudu ake ce mini a zango. Sai a Kaduna na koma Audu.

Cuta ta farko a Kwatano ta same ni. Direban da ya ɗauko mu daga bakin iyaka ya karɓi kuɗinmu har Legas. Da muka shiga garin sai ya tsaya a gefen wata kasuwa, ya ce, "Ku sauka ku miƙe ƙafa, zan sha mai a can gaba in dawo." Muka sauka. Rana ta take, ta karkata, ba direba ba dalilinsa. Wata 'yar kasuwa ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka, domin duk abin da ta mallaka yana saman motar. Ni jakata tana rataye a wuyana. Amma takalmana, baƙaƙe masu igiya, waɗanda na tanada domin aikin ofis, na riga na cire su na tura ƙarƙashin kujera saboda ƙafafuna sun kumbura. Da silifas na roba na shiga Nijeriya.

A Legas, Agege na sauka, wajen 'yan ƙasarmu. Ɗaki ɗaya, mutum kan mutum, in wani ya tashi wani ya kwanta a gurbinsa tun tabarmar da ɗuminta. Na shiga leburancin gini. Wata rana ina hawa bene da kwanon kankare a ka, sai na yi kiciɓis da wani yana saukowa, siminti ya yi masa fari fat har gira. Ticha Mensa ne, wanda ya koya mana lissafi a midil, mutumin da in ya shigo aji ko tari ba ka isa ka yi ba. Ban san lokacin da na ƙame na ce, "Sa!" ba.

Ya dube ni, ya kau da kai. Ya ce, "Babu Sa a nan. Wuce, kankarenka zai daskare."

Da aka tashi cin abinci ya neme ni. Ya jiƙa garin rogo a gwangwani, ya raba mana ƙuli-ƙuli biyu. Ya ce, "Awudu, me kake yi a nan? Mu Turanci kawai muke da shi, shi ma ga inda ya kawo mu. Kai kana da Hausa. Tafi Arewa, can naku ne." Ranar da na tara kuɗin jirgin ƙasa, shi ya raka ni tasha, ya tura ni ta taga saboda cunkoson ƙofa. Ban sake ganinsa ba.

Jirgin nan tafiya yake kamar ba ya son zuwa. Ya tsaya a daji ba dalili, ya ja, ya sake tsayawa. Kusa da ni wata dattijuwa ce Bayarabiya da kwanduna. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma ta lura ba na sayen komai in an tsaya. Ta kwance alala a ganye ta ɗora mini a cinya, ta juya tana kallon taga don kada in ji kunya.

Bayan mun haye babbar gada muka yi nisa, sai na fara jin masu talla suna kira da Hausa ta taga. "Ga fura! Ga dafaffen ƙwai!" Na ce a raina, to, Awudu, ka iso gida. Na miƙa kuɗi na sayi ƙwai wajen wata yarinya, jirgi ya fara motsi ba ta kawo canji ba. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yarinyan nan ya tafi da canjina!"

Taragon ya kwashe da dariya. Wani tsoho mai carbi ya share hawayen dariya ya ce, "Samari, yarinya ai ta tafi ake cewa. Daga Gwanja kake, ko?"

Gwanja suke ce wa ƙasarmu ta goro. Mu a zango ba mu raba mace da namiji a magana. Kowa "ya" ne. Ban taɓa sanin abin dariya ba ne sai ranar. Daga nan har Kaduna ban ƙara buɗe baki ba.

Jirgin ya ajiye mu da safe a tashar da ke kudu da kogi. Na tambaya, aka nuna mini hanyar Tudun Wada, na taka a ƙasa. Wanda nake nema Alhaji Ɗanjuma ne, mai sayar da goro. Ya taɓa sauka a gidanmu a Kumasi ya yi kusan wata, Mma tana dafa masa abinci, ranar tafiyarsa ya dafa kaina ya ce in na girma in zo Kaduna. Na same shi a shagonsa tsakanin huhunan goro. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina.

Ya yi ta laluben sunan a ransa. Can ya ce, "Af! Allah ya jiƙansa, mutumin kirki." Ya sa aka kawo mini tuwo, na ci har na suɗe kwano. Da na gama ya ce, "To, ɗana, ka ga gidan nawa a cike yake, wallahi ko zaure akwai mutane. Amma masaƙu suna ɗaukar ma'aikata a Kakuri. Ka gwada can. In ka samu wuri, ka riƙa leƙo mu."

Ba zan ce mugu ba ne. Maganar da ya yi wa yaro a ƙofar gida shekaru da yawa, shi a wajensa sallama ce. Mu ne muka riƙe ta a matsayin alkawari.

Na juyo, na sake haye gada, na nufi inda na hango dogayen bututun hayaƙi. A Makera igiyar silifas ɗina ta tsinke. Na ɗauke shi a hannu ina ɗingishi a kan kwalta mai zafi, har na ga rumfar wani mai facin keke. Na roƙe shi guntun waya. Bai ba ni ba. Karɓar takalmin ya yi ya gyara da kansa, yana yi yana tambayata. Sunansa Malam Hamisu, Bakatsine ne, siriri, ba ya dariya da ƙarfi. Da ya ji labarina bai ce komai a kan Hausata ba. Ya miƙo mini takalmin ya ce, "Ka iya ba taya iska?"

Na ce na iya.

"To ajiye jakarka a ciki. Yanzu jiniya za ta yi."

Ban gane nufinsa ba sai da ta yi. Wata ƙara ta tashi daga wajen masaƙu, kafin ka ce me, titi ya cika da kekuna, ɗaruruwa, kai da kai, ƙararrawa ko'ina, masu tashi daga aiki da auduga a gashinsu, masu shiga suna sauri da kwanon abinci ɗaure a baya. Na buga famfo ranar har hannuna ya yi kanta. A rumfar nan na zauna, a bayanta nake kwana, Malam Hamisu yana kirana Ɗan Gwanja.

Amma ban zo Kaduna don in ba taya iska ba, kuma wannan tunanin bai bar ni na huta ba ko yini ɗaya. Da an yi sallar asuba, masu shiga aikin safe sun wuce, sai in kama hanya. Daga wannan ƙofar masaƙa zuwa waccan, Kakuri, Nasarawa, in dawo. A kowace ƙofa ga tarin samari a tsaye a rana, kowa da takardunsa a leda, ana jiran wani ya leƙo ya ce ana son mutum kaza. In ƙofar ta motsa sai mu ruga gaba ɗaya, ashe mota ce za ta fita.

A nan na gamu da Oga Pasonal. Ba sunansa ba ne. An laƙaba masa ne saboda ya ce ya yi shekaru a ofishin ɗaukar ma'aikata, ya san duk abin da ake tambaya a intabiyu. Kullum cikin farar riga mai dogon hannu da biro uku a aljihu. Yana da makaranta a gindin wani mangwaro bayan layin dogo. Na ba shi abin da na tara a wajen famfo, da ya ce bai kai ba na ƙara masa da jakata, domin ta fata ce mai kyau. Na koma zuba kayana a buhun siminti.

Karatun hadda ne. Ya tsaya a gabanmu ya yi tambaya da Turanci, mu amsa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya.

"Faɗa mana ko kai wane ne!"

"Ni mutum ne mai ƙwazo, mai gaskiya, mai biyayya ga na gaba da ni!"

"Me ya sa kake son aiki a nan?"

"Domin in ba da gudummawata ga ci gaban wannan babban kamfani da ƙasa baki ɗaya!"

Ni kuma ya ja ni gefe ya ƙara mini darasi. Ya ce, "Kai Ɗan Gana, bakinka ne matsalarka. Kada ka kuskura ka yi Hausa a ciki. Turanci zalla. In ba a tambaye ka garinku ba, kada ka tsokano. Ka kalli bango, kada ka kalli idon manya."

Aka kira intabiyu a wata masaƙa, ana son akawun sito. Na shiga, na kalli bango. Mutumin ya tambaye ni me ya sa nake son aikin. Na fara, "Domin in ba da gudummawata ga ci gaban..."

Ya ɗaga hannu. Ya ƙarasa mini da kansa, a hankali, kamar mai waƙa: "...wannan babban kamfani da ƙasa baki ɗaya." Ya jingina da kujera ya ce, "Tun safe abin da nake ji ke nan. Ku duka uwa ɗaya ce ta haife ku? Kira mini na bayanka."

Na koma gindin mangwaro. Oga Pasonal ya ce laifina ne, na yi saurin magana, kuma wa zai ɗauki akawu da silifas? Ya ce akwai darasi na gaba, na manya, in na kawo wani abu. Bayan 'yan kwanaki muka zo ba mu gan shi ba. Wani maigadi ya ce mana lallai ya yi aiki a ofishin, amma shara yake yi, ta taga yake jin tambayoyin.

Daga nan abin ya tsananta mini. Damina ta sauka, rumfar tana yoyo, in na kwanta sai in ji ƙamshin ƙosan Mma kamar a bayan kwanon take suya. Na kasa aika saƙo gida, don ban san me zan ce ba. Na kasa zama. In babu keke a gabana sai in tashi in zaga rumfa, in dawo, in sake tashi. Wani lokaci ƙafata ta kai ni tasha, in tsaya ina kallon jirgin Legas har ya ɓace, ina auna komawa. To in koma da me? Da buhun siminti? In juyo, in bi ta bakin kogi in tsaya ina kallon jan ruwan nan yana gudu.

Malam Hamisu ya ce, "Ɗan Gwanja, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

Na zauna. Kafin ya gama liƙa faci ɗaya na miƙe.

Cikin masu kawo mana keke akwai wani Bitrus, mutumin kudancin jihar, yana aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Mai barkwanci ne, kullum hannunsa da launi daban. Shi ya zo wata safiya ya ce ana neman samari a wajensu, masu kai samfurin sabuwar atamfa kasuwanni, su nuna wa 'yan kasuwa, su dawo su faɗi abin da aka ce. Ya ce, "Ba aikin tafireta ba ne, yawo ne. Kai kuwa na ga yawon ba ya yi maka wuya." Ya dubi ƙafata ya girgiza kai. Washegari ya kawo mini takalminsa na zuwa coci. Ya yi mini yawa, na cusa takarda a gaba.

Na ce, "Me ake tambaya?"

Ya yi dariya. "In Madam Rifkatu tana ciki, babu wanda ya sani. Ita ce babba a wajen masu zanen atamfa. Ba a shirya mata. Ka dai yi addu'a irin taku, ni ma zan yi irin tamu."

Ɗakin intabiyun ƙarami ne, ƙarar injuna tana ratso bango har tebur yana ɗan kaɗawa. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya namiji mai tabarau daga ofishin ɗaukar ma'aikata. Ɗayar mace ce gajera, mai jiki, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wani ƙyalle take jujjuyawa a hannu.

Mai tabarau ya duba takardata, ya ga inda na yi makaranta, ya ɗaga gira. Ya fara tambaya da Turanci. Na yi niyyar kada in yi haddar Oga Pasonal, amma da tsoro ya kama ni sai ita ce ta fito. Mai ƙwazo. Mai gaskiya. Mai biyayya. Ina faɗa ina jin kaina kamar rediyo. Ya yi hamma, ya tura takardar gefe. Na san an gama. Har na fara tunanin yadda zan mayar wa Bitrus takalminsa.

Sai matar ta yi magana, da Hausa, ba tare da ta dube ni ba.

"Mamanka yana da rai?"

Na ɗago da sauri. "Yana" ta ce. Hausarta ba irin ta Alhaji Ɗanjuma ba ce. Ita ma ta koye ta ne a wani gefen, wani lokaci takan haɗa mace da namiji a magana. Ban san lokacin da na amsa da tawa ba.

"Yana nan, Madam. A Kumasi."

Ta ajiye ƙyallen, ta dube ni sosai. "Ranar da ka bar gida, wane zani ta ɗaura?"

Na yi tsammanin ban ji daidai ba. Na dubi mai tabarau, shi kuma ya dubi silin, alamar ya saba. Na lalubi kaina ko akwai amsar da ta dace, irin wadda ake so, ban samu ko ɗaya ba. Babu abin da ya rage sai in tuna. Na rufe ido.

Sai ga tashar mota, ga Mma a tsaye ta jikin taga.

Na ce, "Mai ruwan ƙasa ne. Da ganye-ganye ruwan ɗorawa, kamar ganyen goro, da wasu ƙananan zobba shuɗɗa a tsakani. Shuɗin ya koɗe, sai a bakin zanin inda ake soke shi, nan ne kawai yake da ƙarfi. Akwai tabon mai a gaba, wajen gwiwa, don shi ne na suya. Da shi yake zama gaban kasko."

Madam ta ce, "Na aiki ke nan. Ta saba fita unguwa da shi?"

Na ce, "A'a! Mma? Ko gidan maƙwabta za shi, sai ya buɗe adaka ya canza. Yana da zannuwa masu kyau, tun na aure. Akwai wani mai..."

Na tsaya.

Tashar mota ce fa, a tsakiyar gari, gaban mutane, ranar da ɗanta zai tafi wata ƙasa. Mma ba za ta taɓa zuwa wurin nan da zanin suya ba in tana da wani. Sai na tuna kwanakin kafin tafiyata, yadda wata dillaliya ta riƙa shigowa ɗakinta suna rufe ƙofa. Na tuna ranar da na ja adakar zan share bayanta, ta taho da sauƙi kamar kwali. Na tuna da ta damƙa mini kuɗin mota na tambaye ta ina ta samu, ta ce adashi ta ɗauka. Duk na gani da idona, ban haɗa su ba. Na ratso ƙasa huɗu, na yi watanni, ban haɗa su ba, sai a kan kujerar nan, cikin takalmin wani.

Na ce, "Ya sayar da su." Na sunkuyar da kai. "Duka ya sayar. Don in zo."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba a Kwatano, ban yi ba a Agege. Na sa hannun riga ina gogewa yana ƙaruwa. Na ce a raina, shi ke nan, wa zai ɗauki ƙaton da ke kuka a ofis?

Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Madam ta bari sai da na lafa. Sannan ta jawo wasu ƙyallaye ta shimfiɗa a tebur, sababbi, suna ƙamshin rini.

"A cikin waɗannan, wanne za ta saya da kuɗinta?"

Na duba da jajayen idanuna. Na ture wani mai manyan furanni, na ce Mma gajere ne, furen zai yanke a ƙugu. Na ture wani mai haske, na ce ba zai jure mai da hayaƙi ba. Na ɗauki wani mai duhu, ruwan makuba da ƙananan ɗigo, na ce wannan.

Ta ce, "Wannan shi ne ya fi kowanne kwantai. Yana nan jibge a sito, an rasa mai so."

Na mayar da ƙyallen kan tebur.

Ta juya wajen mai tabarau ta ce, "Rubuta sunansa."

Ya ce, "Madam, ai bai ci ba."

Ta ce, "Bai ci ba, amma ya duba kafin ya faɗi. Kasuwa za ta koya masa sauran. Wancan na ɗazu na tambaye shi, ya ce mini shi namiji ne, ina ruwansa da zanin mata. Shi zan aika wajen mata?"

Haka na samu aiki. Da na koma Makera na faɗa wa Malam Hamisu, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "To yau dai ka zauna." Na zauna a benci har magariba, ban motsa ba.

Aikin yawo ne kamar yadda Bitrus ya faɗa. Ni da jakar samfur, Zariya, Kano, Jos, Kafanchan, Bidda. Na koyi tsayawa a gefen rumfa in yi shiru, in ga wanda mace ta fara taɓawa, da wanda ta kara a hannunta, da wanda ta yaba da baki amma ta ajiye. Hausata ta miƙe a hanya, har na fara raba "ya" da "ta" ba tare da tunani ba. Albashina na farko na sayi turmi biyu na ba wani direban motar goro ya kai wa Mma. Ya dawo ya ce ta karɓa, ta yi ta juya su, sannan ta ce a tambaye ni ko ina cin abinci.

Daga baya, da na yi shekaru, ni ma an sha zaunar da ni a bayan tebur ina tantance samari. Na ga yadda tambayar da kowa ya sani take jawo amsar da ba ta kowa ba. Mutum zai shigo ya fita ba ka gan shi ba. Sai ka ɗauke shi daga kan hanyar da ya share, ka kai shi inda babu abin faɗa sai abin da ya gani da idonsa, sannan za ka san da wa kake magana. Ba wayo ba ne, ba kuma tarko ba. Ni dai an yi mini, kuma a ranar na san abin da ban sani ba game da gidanmu.

Amma tun kafin wannan, a shekarata ta farko, akwai wata rana da na dawo daga Kafanchan na shiga ofishin Madam in ba ta bayani. Na tarar tana cin gyaɗa dafaffiya, ta tura mini kwanon. Da muka gama maganar aiki na ga fuskarta a sake, sai na yi ƙarfin hali.

Na ce, "Madam, in yi tambaya?"

"Yi."

"Ke ranar da kika bar gida, wane zani mamanki ta ɗaura?"

Hannunta ya tsaya a cikin kwanon. Ta ce, "Ka san tun da nake yi wa mutane tambayar nan, babu wanda ya taɓa mayar mini da ita?"

Na ce ta yi haƙuri in na yi rashin kunya.

Ta girgiza kai. Ta ce, "Ina ƙarama aka zo ɗaukata zuwa makarantar mishan. Ƙauyenmu a kan dutse yake. A lokacin matanmu ba su fara ɗaura zani ba, ganye ake sawa. Da gari ya waye na nemi mamata ban gan ta ba, na yi ta kuka, na ce ta gudu ne don kada ta ga tafiyata. Ashe rafi ta sauka, can ƙasa, inda ganyen ya fi kyau. Ta zaɓo sababbi, masu sheƙi, babu ko huda ɗaya ta tsutsa. Ta shafa mai har tana ƙyalli. Haka ta riƙe hannuna muka sauko, ta kai ni har bakin mota, kanta a sama, gaban matan mishan da rigunansu."

Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta riƙe ba ta ci ba.

"Shekara nawa ina zana atamfa, Audu. Na haɗa kore iri-iri, na ɓata rini ba adadi. Har yau ban samu koren nan ba."

Jiniya ta yi a waje. Ta share hannunta a gefen zani, ta jawo wani sabon samfur ta miƙo mini.

"Gobe Zariya. Ka fara nuna wa tsofaffi."